A Soro Aka Yi Tayi, a Tsakar Gida Aka Daidaita

Tun da aka kai ni ɗakin miji muke zaman haya. Mun zauna a Kurna, mun zauna a Gwammaja, daga baya muka koma Ɗorayi, kuma ko'ina labarin ɗaya ne: da shekara ta zagayo sai a aiko da ƙarin kuɗi, ko a ce ɗan mai gida zai yi aure ana buƙatar wurin. Maigidana malamin sakandare ne, ni kuma ina ɗinkin zannuwan gado da labule ina kai wa masu kayan ɗaki. Abin da muke samu yana rufa mana asiri, amma ba irin wanda zai sayi gida a Kano ba ne. Abin da ya buɗe mana ƙofa shi ne gonar da muka gada daga mahaifinmu a ƙasar Bichi. A ƙarshen 2022 ni da 'yan'uwana muka sayar da ita, na haɗa kasona da adashin da na ɗauka da abin da Malam ya tara a asusun haɗin gwiwa na malaman makarantarsu. Da muka yi lissafi sai muka ga muna da naira miliyan 9 da 'yan kai.

Lokacin ya zo daidai da rikicin canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000, aka ƙayyade wa mutum cire naira 500,000 a mako, su ɗin ma ba a samu. Duk wanda ya yi watan Fabrairun 2023 a garin nan bai manta layin banki ba. Mu dai abin da hakan ya jawo mana shi ne kuɗinmu suka zauna a asusu, ba wanda ya isa ya ce a kawo su a buhu a ƙirga a soro kamar yadda aka saba. Duk abin da muka biya ta banki muka tura.

Da irin kuɗinmu ba a maganar awon gwamnati, inda hukuma ta yanka filaye ta fitar da tituna ta ba da takarda. Namu sai awon igiya, inda mai gona ya kira masu awo suka yayyanka ta fuloti-fuloti ya sayar, mai unguwa da dagaci suka sa hannu. Unguwanni da yawa na gefen birni haka suka tashi, shi ya sa za ka ga lungu ya tafi ya tafi sai ya ƙare a bangon wani. Muka mai da hankali wajen Gaida, cikin ƙaramar hukumar Kumbotso, don ba nisa da makarantar da Malam yake koyarwa.

Wakilina a cinikin shi ne Kawu, ƙanin mahaifiyata. Ya shekara da shekaru yana harkar hatsi a kasuwar Dawanau, kuma ya yi karatun zaure har ya sauke Risala, littafin fiƙihun Malikiyya. Malam da kansa ya ce a saka shi gaba, don shi mutum ne mai kunya, in aka ce masa "haba Malam" sau biyu sai ya ce ya yarda. Kawu kuwa ko a cinikin goro ba ya gaggawa. Abin da ya fara ja mini kunne a kai shi ne fuskata. Ya ce, "Ke 'yar nan, in kin ga gidan da ya yi miki, ki dubi ƙasa. Dillali fuska yake karantawa."

Dillali ɗaya muka sani, wani maƙwabcinmu a Ɗorayi. Shi ya kai mu wurin wani, wannan ya kira wani a waya, kafin mu isa ƙofar gidan sun zama su biyar, har da wanda ban ga abin da ya yi ba illa riƙe ƙofar mota. 'Yan ka-yi-na-yi ke nan, kowa yana jiran ranar rabon la'ada ya ce da shi aka yi. Gidan ba sabo ba ne. Filin ƙafa 50 ne da 60, da soro, da shago ɗaya a waje, da ciki da falo biyu, da ɗaki guda, da kicin da banɗaki biyu da rijiya a tsakar gida. Lungun yana da faɗi, mota tana shiga, wanda ba ƙaramin abu ba ne a awon igiya. Babban cikin dillalan ya ce, "Hajiya, wannan ai tsuntsu ne daga sama gasasshe. Gidan gado ne, magada sun matsu."

Kawu ya ce a sa masa suna. Aka ce miliyan 13. Bai ko ɗaga kai ba ya ce ya taya miliyan 7 da rabi. Suka haɗa baki suka ce albarka, ɗaya har da tafa hannu yana salati. Kawu ya ce to, shi ba ya ciniki da wanda ba shi da abu, a haɗa shi da masu gida. Nan aka fara kwana-kwana: babban ɗan ba ya gari, ba ya son a dame shi, ai su aka wakilta. Daga baya muka gano dalili. Magada miliyan 11 suka sa wa gidansu, miliyan 2 ɗin na sama dillalai ne suka ɗora, su ci wannan su kuma karɓi la'ada. Ban ce duk dillalai haka suke ba, na san masu tsoron Allah a cikinsu, amma matuƙar mai saye da mai sayarwa ba su zauna ido da ido ba, ba wanda ya san ainihin kuɗin da ake magana a kai.

Akwai abin da na samu wanda Kawu da Malam da dillalan ba su samu ba. Su iyakarsu a yi musu sallama, mata su shige ɗaki, su leƙa tsakar gida su fito. Ni kuwa mace ce. Ana cikin azumi na koma ni kaɗai da 'yar ledar dabino, na ce na zo gaida mutanen gida.

Matar marigayin dattijuwa ce, ta kusa sa'ar mahaifiyata. Ta shimfiɗa mini tabarma muka gaisa, na yi mata ta'aziyya ko da yake an kwana biyu da rasuwar. Da farko ba ta sake da ni ba, kuma ban ga laifinta ba, don mai zuwa sayen gidan da ka aurar da 'ya'yanka a ciki ba baƙon farin ciki ba ne. Sai da hira ta kai ga ɗinki, na ga zannuwan da ake tara wa autar 'ya'yanta mata, na faɗa mata inda za ta samu yadi da sauƙi a Kantin Kwari, sannan ta fara magana. Ta kama hannuna ta kai ni ɗakin ƙurya ta nuna mini silin. Ta ce, "'Yata, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Nan da damina sai mun tara roba. Su dillalai sun ce kada in faɗa, ni kuwa ba zan ci kuɗin da zan je in yi bayaninsu a gaban Allah ba." Ta nuna mini alamar ruwa a jikin katangar baya, inda kwata take cika ta dawo in an yi ruwa mai ƙarfi. Ta ce akwai tsohon bashin wuta a kan gidan, kuma mai shagon waje ya biya hayar shekara tun watan Janairu.

Sannan ta faɗa mini abin da ya fi duk waɗannan. Wani ɗan kasuwa ya riga ya taya gidan miliyan 10, kuɗi hannu, amma yana so a tashi cikin mako biyu don zai rushe gaban ya jera shaguna. Manyan 'ya'yanta maza sun so a sallama, ita ta ƙi. An sa bikin 'yar autar bayan babbar salla, kuma ta rantse daga gidan ubanta za a ɗauke ta, ba daga gidan haya ba. Ban da haka ita kanta ba ta san inda za ta nufa ba. Marigayin ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza uku da mata huɗu, iyayensa kuma sun riga shi. Nata tumunin takaba ne, kashi ɗaya cikin takwas, wanda ko ɗaki ɗaya mai kyau ba zai saya mata ba. Dabarar da suka yi ita ce 'ya'yanta mata su haɗa kasonsu da nata a saya mata ɗan ƙaramin gida wajen Panshekara, sun ma riga sun ga wani. Abin da take nema shi ne lokaci, kuma ba wanda ya taɓa tambayarta.

Na dawo gida na kwashe duka na faɗa wa Kawu da Malam. Malam ya ɗan ji nauyin abin, ya ce kada ya zama mun shiga gidan mutane mun ɗebo sirrinsu mun zo muna karya musu kuɗi da shi. Maganarsa tana kan hanya. Kawu ya ce aibin gida dai haƙƙin mai saye ne ya sani, addini ma ya hana a ɓoye shi, batun lokaci kuwa abu ne da muke da shi su ba su da shi, don hayarmu sai watan Oktoba za ta ƙare. Ya ce ba matsa musu za a yi da shi ba, saya za a yi da shi.

Bayan ƙaramar salla aka zauna a soron gidan. Babban ɗan ya zo, magidanci ne mai iyali, da ƙannensa mata biyu da mazajensu, da dillalai sun jeru a dakali. Ni ina daga ciki wajen Hajiya, muna jin komai. Babban ɗan ya ce miliyan 11. Kawu ya ce 8 da rabi, ya lissafa rufin da za a sake, da katangar baya, da kwatar da za a gyara. Aka sauko 10 da rabi, Kawu ya hau 9. Nan aka cije. Babban ɗan ya ce shi fa yana da mai miliyan 10 a hannu, don me zai sayar ƙasa da haka?

Kawu bai musa ba. Ya ce, "Gaskiya ne, kuma ba na ce ka ƙi kuɗi ba. In kun riga kun sallama masa, ni yanzu zan tashi, don ba ya halatta in yi ciniki a kan cinikin ɗan'uwana." Aka ce ba a sallama ba. Ya ce, "To ɗana, mu yi lissafi. Mai miliyan 10 mako biyu ya ba ku. Za ku kama wa Hajiya haya, kuma ba mai ba ku hayar wata uku, sai ta shekara. Za ku biya dillalin hayar. Za ku kwashe kaya sau biyu. Za ku mayar wa mai shago kuɗinsa. Za ku yi biki a gidan da ba ku san maƙwabta ba. Mu kuwa Hajiya ta zauna har ƙarshen watan Agusta, ba mu karɓar ko kwabo, mai shago ya ci gaba da zamansa. Cire wancan daga miliyan 10 ka gaya mini abin da ya rage."

Soron ya yi tsit. Sai mijin babbar 'yar ya ce a ba su dama su shiga su yi shawara da Hajiya. Shawarar ba ta daɗe ba, don ita ta riga ta gama tata. Da suka fito aka ɗan ƙara ja, Kawu ya ƙara, su suka rage, aka tsaya a miliyan 9 da dubu 600. Babban ɗan ya ce ya sallama, aka yi addu'a aka shafa. Dillalai suka fara murna suna cewa a tura kuɗi. Kawu ya ce tukuna, yanzu ma aka fara.

Abin da ya bayar ranar kafin alƙalami ne kawai, naira 500,000, aka kuma rubuta cewa in bincike ya nuna matsala za a mayar da su cif. Wani dillali ya ce ai al'ada ita ce in mai saye ya fasa, kuɗin sun zama na mai gida. Kawu ya ce a mazhabar Malikiyya irin wannan sharaɗin ba ya halatta, kuma shi ba zai sa hannu a kansa ba. Daga nan ya tambayi sauran magada. Ashe ɗa na biyu yana Legas yana aikin gadi, ta waya kawai aka gaya masa, ƙaramin kuma bai balaga ba. Babban ɗan ya ce ai shi ne babba, sa hannunsa ya wadatar.

Nan ne na ga amfanin karatun zaure. Kawu ya yi musu bayanin shufa'a: gidan da ba a raba ba, in wasu masu haƙƙi suka sayar da kasonsu, wanda bai sayar ba yana da ikon ya biya mai sayen abin da ya bayar ya karɓe. Ya ce a Risala an faɗa cewa wanda yake gari haƙƙinsa yana faɗuwa bayan shekara, amma wanda ba ya nan yana nan a kan haƙƙinsa komai daɗewar tafiyarsa. Wato na Legas yana iya dawowa bayan shekara biyar, lokacin da mun gyara gida kuɗinsa ya ninka, ya tayar da magana. Dukiyar maraya kuma ba a sayar da ita da baki, sai alƙali ya duba ya ga maslaharsa. Saboda haka sharaɗinmu shi ne a je kotun shari'ar Musulunci a tabbatar da magada da kason kowa, a naɗa wa yaron mai kula da nasa, na Legas kuma ko ya zo ko ya aiko da wakilci a rubuce da shaidu. Babban ɗan ya ji haushi, yana ganin an raina girmansa. Amma 'yan'uwansa mata sun ji daɗi ƙwarai, don a kotu ne kowace ta ji kasonta da kunnenta: tumunin Hajiya miliyan 1 da dubu 200, kowane namiji miliyan 1 da dubu 680, kowace mace dubu 840, kafin a cire la'ada.

Mu kuma muka bi takardu. Gidan awon igiya ba shi da takardar shaidar mallaka ta gwamnati, abin da yake da shi jerin takardun ciniki ne, daga mai gonar zuwa wanda ya fara sayen filin, daga shi zuwa marigayin. Kawu ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, ya je wurin mai unguwa ya tabbatar ba a taɓa jinginar da gidan ko rigima a kansa ba, ya kuma nemo mai safiyo ya auna, aka je ofishin KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen jihar Kano, aka duba ko wurin bai faɗa cikin filin gwamnati ko inda aka tsara titi ba. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasa a hannun gwamna take, ko mai satifiket izinin zama aka ba shi, yawanci na shekara 99, balle mu masu takardar mai unguwa. Aka kuma kira maƙwabta na gabas da yamma da arewa suka shaida iyaka. A nan muka ji cewa katangar yamma ta haɗaka ce, shi ma aka rubuta.

Takardar cinikin da aka yi ta cika shafi biyu, har mai unguwa yana yi wa Kawu ba'a wai ko gidan sarki ake sayarwa. An rubuta za mu biya miliyan 6 da dubu 600 yanzu, har da kafin alƙalamin, ragowar miliyan 3 ranar karɓar mabuɗi. Bashin wuta a kan magada yake, za a cire daga ragowar. An lissafa abin da ba za a ɓalle ba: ƙofofin ƙarfe, tagogi, tankin ruwa, fankokin sama, murfin rijiya. Wanda bai taɓa sayen gida ba zai ga wannan ƙanƙanta ce, amma wata ƙawata ta tare a gidan da ta saya ta tarar ko ƙyauren banɗaki babu. La'ada ma sai da aka yi mata nata cinikin. Dillalai sun nemi kashi 5 cikin ɗari daga kowane ɓangare, Kawu ya tuna musu miliyan 2 ɗin da suka so ɗorawa, aka ƙare a naira 300,000 daga wurinmu, ya damƙa wa mutum ɗaya a gaban shaidu ya ce su je can su raba. Har muka bar lungun muna jiyo hayaniyarsu.

Akwai kuma cinikin da ba a yi a soro ba, a ɗakinmu aka yi shi da daddare: sunan wa za a sa? Kashi biyu cikin uku na kuɗin nawa ne. Malam bai ce komai ba, amma na san abin da mutane za su ce, wai miji yana zaune a gidan mata. Ni kuma na ga matan da suka zuba gadonsu a gidan da ke ɗauke da sunan miji, ranar da ya faɗi aka raba da dangi da kishiya, suka tashi da tumuni. Na ce masa, "Abban yara, ba don ina zarginka ba, rai ne ba a hannunmu yake ba." Ya yi shiru, can ya ce a rubuta gaskiya kawai. Aka sa sunayenmu biyu da kason kowa.

Da a nan labarin ya ƙare da na ce mun yi sa'a. Amma ranar 29 ga Mayu sabon shugaban ƙasa Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Komai ya tashi. Mai gidan Panshekara da ya sa wa nasa miliyan 4 da dubu 200 ya ce yanzu sai 4 da dubu 700, kuma ba zai jira Agusta ba. Abin da ya zo hannun Hajiya da 'ya'yanta mata a biyan farko bai kai ba, suna jiran kasonsu na ragowar.

Babban ɗan ya zo gidan Kawu ransa a ɓace. Ya ce ko mu ƙara miliyan 1, ko a mayar mana da kuɗinmu a fasa, don gidaje sun yi tsada kuma an cuce su. Kawu ya ce ciniki ya riga ya ƙullu, warware shi sai da yardar ɓangare biyu, kuma kuɗin da aka ba su a farkon Mayu ba su ne za su mayar a ƙarshen Yuni ba, ko da adadin ɗaya ne. Ya kuma tuna masa cewa a watan nan ne gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta shiga rusau, an rushe gine-ginen tsohon otal ɗin Daula da shagunan filin Idi, duk mai kuɗi a garin ya koma tambayar takardar gwamnati kafin ya taya gida. Ya ce, "In ka fasa da mu, wa zai ba ka miliyan 11 a awon igiya a wannan makon?" Ban ɗauki mutumin a matsayin mugu ba. Yana da 'ya'ya, ya ga abin da ya karɓa yana narkewa a hannunsa, ga shi nasa kason ya riga ya shiga wata hidima, ko mun ce a mayar ba shi da abin mayarwa.

Aka koma gaban mai unguwa. Aka karanta takarda, aka nuna shaidar banki ta abin da muka tura. Mai unguwa ya ce magana a fili take, gaskiya tana wurinmu. Amma ni na riga na je na ga Hajiya, na tarar ta rame, ba ta ma zancen biki. In muka tsaya a kan takarda za mu samu gida a Agusta, ita kuma ta rasa nata. Na roƙi Malam ya nema mini izini in yi magana. Daga bakin ƙofa na ce, "Ranka ya daɗe, ƙarin miliyan 1 dai ba mu da shi, kuma ko muna da shi ba zai warware matsalar ba, don raba shi za a yi, abin da zai kai ga Hajiya kaɗan ne. Abin da zan iya shi ne mu biya ragowar yanzu, kada a jira Agusta, su je su kama gidan can kafin ya ƙara tashi."

Kawu bai so ba ko kaɗan. Ya ja ni gefe ya ce, "Wanda ya biya duka bai karɓi mabuɗi ba ya koma mai roƙo. Ragowar nan ita ce linzaminki." Na san gaskiya ya faɗa. Saboda haka muka nemi abin da zai maye gurbin linzamin: a ranar za a damƙa mana ainihin tsofaffin takardun gidan duka, a rubuta cewa gida ya zama namu, Hajiya kuma zaman aro take yi zuwa ƙarshen Agusta, mai unguwa da mijin babbar 'yarta su tsaya mata, mai shago kuma daga yanzu mu ne masu gidansa. Kuɗinmu ba su cika ba, sai na ɗauki sarƙa da 'yan kunnen gwal na aurena na kai kasuwa. Gwal ɗin ma ya tashi, wannan kam ya yi mini rana.

Kawu da kansa ya raka su Panshekara ya yi musu ciniki, ya sauko da gidan zuwa miliyan 4 da rabi. Duk da haka da aka cire la'ada da bashin wuta daga kasonsu sai aka ga akwai giɓi. Ni da Malam muka ba Hajiya naira 200,000. Kawu ya sa aka rubuta a wata takarda daban cewa kyauta ce gare ta ita kaɗai, ba cikin kuɗin gida ba, don da an ce ƙari ne da sai an raba shi a kan magada takwas. Babban ɗan bai samu ko sisi a kan abin da aka yi tun farko ba, kuma har yau gaisuwarmu sama-sama ce.

An yi biki a gidan, ni na ɗinka labulayen amarya. Hajiya ba ta tashi a ƙarshen Agusta ba, ruwa ya hana a gama gyaran can, sai tsakiyar Satumba, kuma a 'yan kwanakin nan Kawu ya sha tuna mini maganar linzami. Da aka ba mu mabuɗi muka zaga da takarda a hannu, komai yana nan sai fanka ɗaya, na ce a bar maganar. Muka sake kwanon ɗakin ƙurya, muka ɗaga katangar baya, muka tare kafin hayarmu ta ƙare. Yanzu muna bin takardar gwamnati.

Mako guda da tarewarmu sai ga dillalai biyu sun yi sallama da Malam. Sun ji labarin dubu 200, sun zo karɓar la'adarsu a kai. Malam ya ce su je wurin Kawu. Kawu ya ɗauko takardar kyautar ya karanta musu, ya tambaye su a wace kasuwa ake cin la'ada a kan kyauta, sannan ya ba su dubu 2 kuɗin mota.